Bayani a kan Sana'ar Shayi a Kasuwannin Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa

 

Ya ku 'yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai masu karanta wannan takarda, yau ba maganar buhun gero ko na dawa muka ɗauko ba, farashinsu yana nan a shafinsa kamar kullum. Maganar mutumin nan ce da dukanmu muke zama gabansa da asuba kafin a kwance bakin buhu, kuma muke komawa gabansa bayan isha'i in an ɗaure, watau mai shayi. Dalili kuwa shi ne, a 'yan shekarun nan mun ga tebura da dama da muka saba zama sun naɗe, masu su sun koma acaɓa ko dako, wasu sun tafi kudu neman kuɗi. Wani zai ce ina ruwan mai hatsi da wannan. To, da ruwanmu. Baƙon da ya sauko daga mota da dare da kuɗin ridi a jikinsa, a teburin mai shayi yake fara tambayar wane ne dillali amintacce a garin. Cinikin da ya ƙi faɗuwa a bakin awo saboda idon jama'a, a kan bencin nan yake faɗuwa. La'ada nawa aka raba a wurin, rigima nawa aka kashe a wurin ba a kai ta gaban sarkin kasuwa ba, Allah ne Ya san adadinsu. Ran da teburin ya tashi, kasuwa ta rasa zaurenta ke nan.

Mun ji a rediyo cewa mutanen Ingila ma suna irin wannan kuka. Su wurin hirarsu gidan giya ne, Allah Ya tsare mu, kuma gidajen nan da suka kai wajen 60,000 a shekarar 2000 sun ragu zuwa wajen 45,000. An hana shan taba a cikinsu a 2007, annobar korona ta rufe su a 2020, kuɗin wuta ya hau, samarinsu kuma sun rage sha. Waɗanda suka tsira su ne suka koma sayar da abinci da gahawa da nuna ƙwallo. Mu nan Jigawa tun da aka ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000 babu wannan a fili, dama can kuma ba al'adarmu ba ce. Amma akwai abu guda da muka tsinta a labarin, shi ne mutum ba abin da ke cikin kofi kaɗai yake saye ba, har da wurin zama da abokan hira.

Muna yara, lokacin muna makarantar allo, kayan mai shayi ba su da yawa. Tukunya a kan gawayi, ganyen Lipton, madarar gwangwani, sukari mai ƙwaya, burodi da bota. Da kwabbai ake sha. Mun ga lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, burodi ya yi tsada ya ƙanƙance, masu shayi suka yi ta kuka, amma ba su tashi ba. Daga nan sai madarar gari ta 'yar leda ta shigo, Cowbell ta fara a 1993, sai ya zama mai ƙaramin jari ma yana iya kafa tebur, ba sai ya fasa gwangwani ya yi ta fargabar kada ta lalace kafin dare ba. Sa'an nan indomi ta zo. Asalinta daga Indunusiya take, aka fara yin ta a Ota ta jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, daga baya har Kaduna. Yau in ka tsaya a bakin titin Kano zuwa Daura a cikin Kazaure da dare ka ƙidaya, za ka ga masu jiran indomi da ƙwai sun fi masu jiran shayi, musamman wajen da ɗaliban kwalejin Hussaini Adamu suke zirga-zirga. Sunan dai mai shayi, amma rabin aikinsa suya ne.

Abin da ya girgiza sana'ar ƙwarai kuwa ya zo ne a jere cikin shekaru kaɗan. Yaƙin Rasha da Yukuren ya tashi a Fabrairun 2022, alkama ta hau, fulawa ta bi ta, burodi ya bi fulawa. Farkon 2023 aka shiga canjin kuɗi, takardar naira ta ɓace daga hannun mutane. Wannan ya tuna mana da canjin kuɗi na Afrilun 1984, sai dai na bayan nan ya fi zafi ga mai ƙaramin ciniki, domin mutum yana da kuɗi a banki amma ba shi da naira ɗari ta shan shayi. Ran 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, lita da ba ta kai naira 200 ba ta wuce 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Watan Yuni na 2023 aka saki naira, dala da gwamnati ke sayarwa wajen 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. To ku duba teburin mai shayi da kyau. Madarar gari daga waje ake kawo ta. Ɗanyen sukarin da Dangote da BUA suke tacewa a Legas yawancinsa daga Barazil jirgi ke kawo shi. Alkamar burodi da ta indomi daga waje. Kanumfari daga waje. Kajin da ke yin ƙwai masara da waken suya suke ci, su ma sun hau a lokacin. Watau mutumin da jarinsa bai kai kuɗin buhu biyu na gero ba, kusan duk kayansa dala ce ke yanka musu farashi, alhali masu sayensa 'yan dako ne da 'yan kamasho da yaran mota waɗanda aljihunsu bai ƙaru ba.

A Babura abin ya zo da ƙari. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka, ba a buɗe ta daga ɓangarenmu ba sai Maris 2024. Motocin da ke kwana suna jiran wucewa suka ɗauke ƙafa, kuma da yawa daga gwanayen shayin yankin nan dama mutanen ƙasar Damagaram ne. Da sefa ta yi ƙarfi a kan naira, abin da mutum zai aika gida ya zama ba ya tsinana komai, wasu suka tattara suka koma.

Wannan shi ne ciwon. Amma mun lura ba tsada kaɗai ke karya mai shayi ba, domin tsadar nan kowa ta same shi, wani ya tashi wani yana nan. Abin da muka fi gani yana kashe tebur shi ne bashi. Akwai wani yaro da ya yi shekaru yana kafa tebur kusa da rumfarmu, mai ladabi, hannunsa da daɗin haɗi. Wata rana da safe muka ga yana ɗaure bencinsa a kan kura. Muka ce, “Kai ɗana, lafiya?” Ya ce, “Wallahi Baba, jari ya ƙare.” Muka ce ya kawo littafinsa mu gani. Da muka haɗa lissafi tare, kuɗin da ke hannun mutane ya fi ƙarfin abin da zai sake cika tebur da shi sau biyu. Abin da ya fi ba mu kunya, sunayen da ke ciki ba na almajirai ba ne, na abokan sana'armu ne, masu sito da masu babbar riga. Mutum zai ƙirga dubu ɗari biyar a gaban yaron, sa'an nan ya miƙe ya ce “rubuta.” Bashi hanji ne, yana cikin kowa, mun sani. Amma wanda yake sayen kaya da kuɗi hannu a Kasuwar Singa, ko wajen mai kanti da ya sara daga can, kuma farashi yana motsi kowane mako, in ya ba ka bashi na wata biyu ko ka biya shi cif ya yi hasara, don kuɗin ba za su sayo abin da ka sha ba. Mun bi mutane huɗu ko biyar da kanmu muka karɓo masa, sauran suka ce sai kaka. Yaron bai dawo ba.

Saboda haka shawararmu ta fari ga masu sana'ar ita ce a yi wa bashi iyaka tun ran farko, kowa da gejinsa, kuma ran kasuwa ita ce ranar biya. Wanda ya tsallake kasuwa biyu a rufe shafinsa cikin mutunci, a gefe, ba gaban mutane ba. Ku kuma 'yan'uwa dillalai, ran da la'ada ta shigo a fara da mai shayi.

Sai maganar taransifa. Tun wahalar 2023 mutanen ƙauye ma sun saba, mai kawo buhu biyu daga cikin Gwiwa yanzu yakan ce a tura masa ta waya. Mai shayin da har yau ba shi da asusun OPay ko Moniepoint ko na banki, yana korar ciniki da hannunsa. A rubuta lambar a kwali a rataye. Sai dai a kula, kada a yarda da abin da mai saye ya nuna a fuskar wayarsa, sai kuɗi sun shigo taka wayar. Mu da kanmu an taɓa yi mana wannan a kan buhun wake, yaro da shiga ta kamala ya nuna mana shaida, muka ɗora masa a mashin, har yau kuɗin suna hanya. Kuma wani abu da ba a faɗa, kuɗin waya sun fi na aljihu saurin zubewa, don mutum ba ya jin nauyinsu. Gara a ware asusun sana'a daban da na cefane.

Yanzu ga inda muke so mu daɗe, domin nan ne sana'arsu ta haɗu da tamu. In kayan waje sun yi tsada, me ya hana a juyo ga na gida? Mun zauna da masu shayi mun ce su yi abin da mu muke yi da mudu. Ka ɗauki tiya guda ta sukari, ka ƙidaya kofi nawa ta yi. Ka ƙidaya kofi nawa ƙullin ganye ya yi, kwana nawa gawayi ko tukunyar gas ta yi. Katan na ƙaramar indomi guda 40 ne, kiret ɗin ƙwai 30 ne, a ciki sai an cire wanda ya fashe da mai da albasa da attaruhu. Duk wanda ya yi wannan lissafi da gaskiya abu ɗaya yake tararwa. Indomi da ƙwai suna jawo mutane amma ribarsu siririya ce, don kowa ya san kuɗinsu a kanti, ba ka da wurin ɗorawa. Shayi mai kauri, madara da Milo ko Bournvita sun cinye shi. Ribar tana cikin ruwan bunu, wanda aka dafa da citta da kanumfari da masoro da na'a-na'a, domin wannan gwaninta ake saye, ba kayan kamfani ba. Kuma Allah da ikonSa shi ne mutane suka koma nema. Dattawa da likita ya hana su sukari suna ƙaruwa, suna cewa a ba su babu sukari ko a sa zuma kaɗan. Samari kuma sun kamu da shayin Buzaye, koren ganyen nan na ƙasar Sin da ake dafawa a 'yar buta a kan garwashi, a tsiyaya a ƙananan kofunan gilashi har zagaye uku, na fari da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi. Wannan shayi ba a shan sa a tsaye, sai an zauna, wanda ya zauna kuwa zai sayi wani abu.

Citta ma tana da nata labari. Daga kudancin Kaduna take zuwa, wajen Kachia da Jaba da Kagarko, kuma a daminar 2023 cuta ta faɗa wa gonakin ta cinye mafi yawa, farashinta ya yi tashin da ba mu taɓa gani ba. Masu shayin da suka sayi busasshiya da kaka suka adana, su ne suka sha daɗi a shekarar. Wannan darasi ne da kowane mai hatsi ya sani, abin da ba ya ruɓewa a saye shi lokacin da ya yi yawa. Amma kada a wuce gona da iri. Mu da muka cika sito a 2024 muna jiran ƙari, muka ga yadda hatsi ya faɗo a 2025 bayan gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da abinci ba haraji, mun san ajiya ma tana cizo. A ajiye na bukatar wata uku ko huɗu, ba na caca ba.

Ga kuma zoɓo. Abin mamaki, Jigawa tana cikin manyan wuraren da ake noma shi a ƙasar nan, ana tara shi a Maigatari ran Alhamis da Dawanau, a ɗura a kwantena a kai shi har Meziko inda suke shan sa kamar yadda muke sha. Mu kuwa a teburanmu lemon kwalba muke ajiyewa, wanda a 2022 gwamnati ta ɗora masa harajin naira 10 a kowace lita. Mai shayi yana zaman banza daga hantsi har la'asar duk bazara, don ba mai neman ruwan zafi a watan Afrilu. In da ya haɗa kai da matar gida ko wata maƙwabciya mai tsabta, ta dama zoɓo da kunun aya da kunun tsamiya, ya sa a kula da ƙanƙara, da ya ci kasuwa biyu a tebur ɗaya. Da azumi kuwa ba sai an faɗa ba. Da hunturu a ƙara koko da kunun gyaɗa da asuba, waɗanda geronsu da gyaɗarsu a nan rumfunanmu suke, ba ruwansu da dala.

Fura ma ta canja. Yanzu a Kazaure akwai shagunan da ke dama ta da inji, a zuba yogot, a sa a firiji, samari suna layi. Ba mu ƙi ba, geronmu suke saye. Sai dai muna jin tausayin matan Fulani da ke saukowa daga rugagen Roni da Gwiwa da ƙwarya a ka, don cinikinsu ne ake janyewa, kuma yawancin yogot ɗin nan da madarar gari ake yin sa. Mai hankali a cikin masu shagon zai ƙulla da ruga guda ta riƙa kawo masa kindirmo kullum, ya biya a kan lokaci. Ya sami abin da ya fi na gari daɗi, ita kuma ta huta da yawon rana.

Wuta ita ce matsalar duk wannan. Kowa ya tuna Oktoban 2024 da Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu bayan an lalata layin da ke kawo wuta, ƙanƙara ta zama abin nema. Janareta kuwa man da zai sha ya fi ribar dare. Abin da muka ga yana aiki shi ne ƙaramar sola, faranti ɗaya da batir, ta ba da ƙwan fitila biyu da wurin cajin waya. Tebur mai haske da wurin caji, direba zai wuce uku masu duhu ya zo gare shi, kuma muddin wayarsa tana caji yana zaune. Wanda ba shi da kuɗinta a dunƙule ya shiga adashi. Wasu sun matsa kusa da gidan kallon ƙwallo, wannan ma dabara ce, amma a san irin jama'ar da ake tarawa.

A nan ne za mu yi magana mai ɗaci. Akwai teburan da suka sami ciniki ta hanyar da ba ta da albarka. Tun da aka hana maganin tari mai kodin a 2018 abin bai ƙare ba, ya koma ƙwaya, kuma kowa ya san da shayi mai zafi wasu yaran suke kora ta. Mai shayi zai ce shi ba ya sayarwa. Gaskiya ne, amma in ka bar bencinka ya zama mahaɗarsu har ƙarfe biyu na dare, dattijo ba zai ƙara zama ba, baƙo mai kuɗi a jiki ba zai zauna ba, kuma ran da Hisba ko hukumar hana sha da fataucin ƙwaya suka zo kame, da kai da tukunyarka za a kwasa. Cinikin yaran nan na dare ɗaya ne, na dillali da direba na shekara ashirin ne. Haka nan maganar tsabta. Bokiti ɗaya na ruwan wanke kofi tun safe har dare, da damina lokacin amai da gudawa, wannan ɗaukar alhaki ne. Bokiti biyu da sabulu ba su karya kowa ba. Kuma in kaya sun hau, a ƙara kuɗi a faɗa wa mutane, ya fi a rage madara a ɓoye ko a sake dafa ganyen jiya. Mun karanta hukuncin tauye mudu tun muna riƙe da allo, cokali ma mudu ne.

Ga masu tebur a Kazaure akwai abin da ya kamata su sa wa ido. A 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda ta biyo ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. In Allah Ya sa jirgi ya fara zirga-zirga, wani ɓangare na fasinja da kaya zai bar bakin titi ya koma tasha, kuma wurin kafa tebur a can ba ran buɗewa ake nemansa ba. Ƙungiyar masu shayi ta garin ta fara tuntuɓar ƙaramar hukuma tun yanzu, da sunan ƙungiya ba ɗaiɗai ba. Haka kuma in mutum biyar ko shida suka haɗa kuɗi suka sari buhun sukari mai kilo 50 da katan-katan na madara kai tsaye daga Kano, motocin da ke kai hatsinmu Dawanau suna dawowa da sauran wuri, za mu yi magana da direbobi su ɗauko musu a kan kuɗi kaɗan.

Daga fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda, mun roƙi masu wannan takarda su ƙara layi huɗu a ƙarƙashin farashin hatsi, na sukari da busasshiyar citta da zoɓo da kiret ɗin ƙwai, daga Kazaure da Babura. Wanda ya iya karatu ya karanta wa mai shayinsa.